Hannu na sagewa, wuya na ɗaurewa: yadda zaka gyara numfashinka kafin ka ƙara sayen man zafi

Duk wanda ke zaune a zango nan Kumasi ya san irin wannan ƙorafin. Tela a Alabar idan Sallah ta matso ya kwana uku kan keke, fita a Suame Magazine da ke yini ƙarƙashin mota hannu a sama yana kwance noti, 'yan matan kayayo na Kejetia da hannu ɗaya ke maƙale da bakin kwano tun safe, mai kitso, mai aski, direban pragya, har da yaran nan da wuyansu ya lanƙwashe kan waya. Maganar kusan iri ɗaya ce: ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna sagewa, hannu yana nauyi idan an ɗaga shi, gefen wuya ya ɗaure tamau har ƙeya, da dare kuma mutum ya farka ya ji hannun ya mutu sai ya yi ta yarfe shi. Sai a ce sanyi ne. A sayi man zafi a shafa a yatsa, a je wajen wanzami a yi ƙaho, wasu ma su faɗa kan tramadol wanda shi kuma wata masifar ce daban.

Toh a cikin masu wannan ƙorafi akwai waɗanda matsalarsu ba a yatsa take ba sam, a gindin wuya take, likitoci na kiranta torasik awutlet sindirom, a taƙaice TOS, sunan da wani mai bincike Peet da abokan aikinsa suka fara amfani da shi a 1956. Abin da nake so ka fita da shi daga wannan rubutu shi ne yadda kake shaƙar iska yana da hannu dumu-dumu a ciki, kuma wannan ɓangaren kai da kanka zaka iya gyarawa a ɗaki ba tare da ka kashe ko sidi ɗaya ba.

Sa yatsanka a ƙashin nan da ya kwanta a gicciye daga gindin maƙogwaro zuwa kafaɗa, ƙashin saman ƙirji. A bayansa da ƙarƙashinsa akwai haƙarƙari na farko. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa hannu gaba ɗaya, waɗanda suka fito daga ƙashin wuya na 5 har zuwa na farkon gadon baya, da babbar jijiyar da ke kai jini hannu, da wadda ke dawo da shi, duk ta wannan ɗan wurin suke bi. Kuma wurare uku ne suke iya matsewa. Na farko tsakanin tsokoki biyu na gefen wuya da ake kira sikalin, na biyu tsakanin ƙashin saman ƙirjin da haƙarƙari na farko, na uku ƙarƙashin ƙaramar tsokar ƙirji dab da hammata. Kamar tiyon ruwa ne da wani ya taka a tsakar gida, kai kana can bakin tiyo kana faɗa da inda ruwa ya ƙi fitowa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu TOS jijiyar saƙo ce ake matsewa, ta jini ba ta da yawa amma ita ce mai haɗari. Ya fi kama mata, kuma yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 50. Akwai kuma waɗanda aka haifa da ƙarin haƙarƙari a wuya, ba su kai mutum 1 cikin 100 ba ko kuma daidai haka, da yawansu har su mutu ba su sani ba, amma wasu shi ne ke takura hanyar. Haɗarin mota da ya fizge wuya, ko tsohuwar karayar ƙashin saman ƙirji da ta ɗoru a karkace, suma suna jawo shi.

Kafin kowane motsa jiki, dan Allah karanta wannan

Idan hannu ya kumbura gaba ɗaya cikin yini ɗaya ko biyu, ya yi nauyi, launinsa ya yi duhu, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a kafaɗa da ƙirji, musamman bayan aikin ƙarfi ko ɗaga ƙarfe a jim, wannan ba maganar numfashi ba ce, jini ne mai yiwuwa ya daskare a jijiya, a tafi asibiti a ranar, kar a murza kar a tausa. Haka idan hannu ya yi sanyi ƙalau ya yi fari-fari, yatsu suna zafi ko ƙaramin miki ya fito a kan yatsa ya ƙi warkewa. Idan ciwon hannun hagu ya zo da nauyin ƙirji da gumi da haki, zuciya ake tunani. Idan hannu ya saki lokaci ɗaya, baki ya karkace, magana ta harɗe, shanyewar ɓarin jiki ce, a kira 112 ko a ɗauki mota zuwa Komfo Anokye ko asibitin da ya fi kusa, ba a jira sai an gama tofi. Sannan idan ka lura naman tafin hannunka wajen gindin babban yatsa yana ramewa, cokali ko makulli na suɓuce maka, je likita ya gani tukuna. Mai shan sigari da ya daɗe yana tari yana rama kuma kafaɗa na ciwo, shima hoton ƙirji ya kamata ya fara yi.

Kuma ba kowace sagewa ce TOS ba. Idan babban yatsa da manuni da na tsakiya ne, sau da yawa a wuyan hannu jijiyar ta matse. Idan ƙaramin yatsa ne kawai kuma sai ka lanƙwasa gwiwar hannu ka daɗe, kamar riƙe waya a kunne, to a gwiwar hannu ne. Ciwon suga ma yana sa sagewa amma shi yakan fara da ƙafafu biyu. Faifan ƙashin wuya da ya zame shima yana sa sagewar hannu.

Akwai gwajin da likitoci ke yi, gwajin Roos, zaka iya gwadawa don ka samu haske. Ka ɗaga hannu biyu gefe daidai kafaɗa, ka lanƙwasa gwiwar hannu yatsu na kallon sama, sai ka dinga buɗe tafi kana dunƙulewa a hankali har minti 3. Gajiya kowa zai ji. Amma idan sagewar nan da ka sani ce ta dawo, hannun ya yi nauyi har ka kasa ƙarasawa, alama ce. Alama fa nace, don masu lafiya da yawa ma suna jin wani abu a gwajin, kar ka yanke wa kanka hukunci da shi.

Ina ruwan numfashi da yatsa?

Wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya ga wani shimfiɗaɗɗen nama mai tantani a tsakiya da ya raba huhu da zuciya daga hanta da tumbi. Mu ma muna da shi, shi ne dayafaram, kuma shi ne asalin mai aikin numfashi. Idan ya sauka ƙasa huhu ya cika, ciki ya ɗan taso, haƙarƙarin ƙasa su buɗe gefe da baya. Tsokokin sikalin na wuya kuwa a jikin haƙarƙari na farko da na biyu suke manne, aikinsu su riƙe saman ƙirji su kuma ɗaga shi sosai idan ana gudu ko hawa tudu ko tsoro ya kama mutum. Babba a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, ka lissafa kaga a yini ana zancen wajen sau 20,000. Yanzu ka ɗauka mutum ya saba da numfashin saman ƙirji, kowace shaƙa wuyansa ne ke jan haƙarƙari na farko sama, sau dubbai kullum, tsokar ta yi tauri ta gajarce, haƙarƙarin ya zauna a sama ya matso ƙashin saman ƙirji, jijiyoyin da ke tsakiya su ina zasu? Shi ke nan fa.

Ka tsaya ka kalli tela yana zura zare a allurar keke. Kai ya miƙa gaba, haɓa ta ɗago, kafaɗu sun haura kusan kunne, baki a ɗan buɗe, kuma wallahi numfashin ma ya tsaya cak har sai zaren ya shiga, sannan ya ja wata guntuwar iska da ƙirji ya taka keke. Ciki a naɗe yake kan benci, dayafaram ba shi da wurin sauka. Kan mutum kaɗai nauyinsa ya kai wajen kilo 5, duk a kan wuya. Haka za a yi daga bayan asuba har dare idan ana rububin ɗinkin Sallah. Masu asma da masu yawan fargaba da wanda hancinsa ke toshe kullum lokacin hunturu suma haka numfashinsu ke komawa, su sai an haɗa da maganin asalin matsalar.

Gwada kanka yanzu a inda kake zaune. Hannu ɗaya a saman ƙirji, ɗaya a kan cibiya, ka yi numfashinka na kullum kar ka gyara. Wanne ya fara motsi? Sannan ka tsaya gaban madubi ka ja iska da ɗan ƙarfi, idan kafaɗu sun tashi, igiyoyin wuya sun fito, kwarmin da ke saman ƙashin ƙirji ya zurma, to kana cikin waɗanda nake magana da su.

Yadda ake koyon numfashin

Ka kwanta rigingine a tabarma ko darduma, katifa mai laushi ba ta yi. Ka ɗora ƙafafu kan kujera yadda gwiwa da ƙugu zasu lanƙwashe, ka sa ɗan siririn filo ko tawul a naɗe ƙarƙashin kai don kar haɓa ta kalli rufi. Hannaye a gefen haƙarƙarin ƙasa, ba a kan ciki ba, yatsu gaba babban yatsa baya.

Fara da fitarwa. Nan ne mutane ke kuskure, kowa ka ce masa ya yi numfashi mai kyau sai ya zuƙo iska da ƙarfi ƙirji ya kumbura, alhali ƙirjin nasa dama a sama ya maƙale. Ka fitar da iska ta baki a hankali leɓe a ɗan tsuke, ka cigaba, ka cigaba, har ka ji haƙarƙari sun sauko ƙarƙashin hannunka kuma gefen cikinka ya ɗan ɗaure da kansa, kamar ƙirga shida zuwa takwas. Ka ɗan dakata ƙirga biyu. Sannan ka rufe baki ka bar iska ta shigo ta hanci shiru, ba ƙara, ƙirga uku ko huɗu, kana neman ta tura hannayenka gefe ta kuma danna bayanka a tabarma. Ba sai ka cika huhu fam ba, da zarar ka ji kafaɗa zata tashi ka tsaya, iyakarka kenan a yau. Numfashi biyar, ka huta, ka maimaita sau uku ko huɗu. Minti biyar ya isa.

Idan ka kasa jin haƙarƙarin, ɗauko rawani ko mayafi ko zani ka zagaya shi a ƙasan ƙirji, ka gicciya bakinsa a gaba ka riƙe. Idan ka fitar da iska ka ɗan ja ya matse, idan zaka shaƙa ka bar haƙarƙari su ture shi ya saki. Wannan dabarar tafi dogon bayani aiki, na ga dattijuwar da ake ta yi wa bayani tana cewa "ɗana ni fa ban gane ba, iska ai iska ce", ana ɗaura mata mayafinta ta ja numfashi biyu ta ce "a'a, to ashe bayana ma yana numfashi". Na ce "eh Hajiya, shi muke nema, ki bar wuyan ya huta".

Kar ka tura ciki waje da gangan ya zama tulu guda, wannan ma wani kuskuren ne da ake koyarwa da sunan numfashin ciki, ciki ya fito gaba amma haƙarƙari ko gezau. Ana so ya buɗe ko'ina, gaba kaɗan, gefe, baya. Idan jiri ya ɗebe ka ko leɓe ya fara tsattsaki, kana zuƙa da yawa ne, ka rage ka tsawaita fitarwa. Mai tsohon ciki kar ta daɗe a rigingine, ta yi a kwance ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi.

Bayan mako ɗaya ko biyu sai ka ɗauke shi daga tabarma ka kai shi rayuwa, don ba a kwance kake yini ba. Ka yi a zaune, ka yi a tsaye, ka yi a cikin trotro idan go-silo ta riƙe ku wajen Anloga Junction. Ni shawarar da nake ba mutane ita ce su liƙa shi da sallah, bayan an sallame kana zaune kafin ka miƙe ka yi numfashi biyar irin wannan, kaga sau biyar kenan a rana ba tare da alam ba.

Ƙarfin tsakiyar jiki

Idan aka ce ƙarfin ciki samari sai su tuna da tsokar gaba mai layi-layi. Ba ita ba ce. Ana nufin tsokoki huɗu da ke aiki tare su riƙe gangar jiki: dayafaram a sama, tsokar ƙasan mara a ƙasa, tsokar can cikin ciki da ta zagaye ƙugu, da ƙananan tsokoki da ke jikin ƙashin baya. A 1997 wani mai bincike Paul Hodges da abokan aikinsa a Ostiraliya sun nuna cewa idan mutum zai ɗaga hannu da sauri, dayafaram yana ɗaurewa tun kafin tsokar kafaɗa ta fara aiki, wato shi numfashi yake yi kuma shi ke tokare jiki a lokaci guda. Idan tsakiya ba ta riƙe ba, jiki zai nemi wani wurin ya ɗaure, kuma wuya da kafaɗa ne ke karɓar aikin. Shi ya sa zaka ga mutum zai ɗauki galan ɗin ruwa sai ya cije haƙora wuya ya miƙe tun bai taɓa galan ɗin ba.

Motsi biyu sun ishe ka a farko. Na farko a rigingine, ƙafafu a sama gwiwa a lanƙwashe ba kujera yanzu, hannaye a gefen haƙarƙari. Ka fitar da iska har haƙarƙari su sauko, ƙasan baya ya kwanta a tabarma, sai ka sauke diddige ɗaya ya taɓa ƙasa a hankali ka dawo da shi, ka canza ƙafa. Dokar ita ce baya kar ya gantsare, wuya kar ya ɗaure, numfashi kar ya tsaya. Shida kowace ƙafa, sau biyu. Idan ya zama wasa sai ka dinga miƙe ƙafar gaba ɗaya. Masu koyarwa a intanet suna haɗawa da miƙa hannu bayan kai, kai da hannunka ke sagewa ka bar wannan tukuna sai abin ya lafa.

Na biyu a rarrafe, tafin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa ƙarƙashin ƙugu. Ka ɗan ture ƙasa da hannu yadda ƙirji ba zai rufta tsakanin kafaɗu ba, ido na kallon tabarma. A nan kawai ka fara da numfashi biyar, zaka ji iska na shiga tsakanin allon kafaɗu. Sannan ka miƙa ƙafa ɗaya baya daidai da jiki, ka riƙe numfashi biyu, ka dawo, ƙugu kar ya karkata. Daga baya ka haɗa da hannun ɗaya gefen. Idan wuyan hannu na ciwo ka dunƙule hannu ko ka dafa benci.

Tashi-kwanta da ake sa hannu a ƙeya ana fizgo kai, ni dai ban ga amfaninsa ga mai wannan matsala ba, tsokar gaban wuya da muke so ta huta ita yake ƙara wa aiki. Masu hawan jini kuma su kiyaye riƙe numfashi da yunƙuri a kowane motsi.

Kafaɗa da wuya

Nan zan ɗan daɗe don akwai shawarar da kowa ke bayarwa kuma tana iya ƙara ciwon. "Miƙe, fito da ƙirji, ja kafaɗa baya ka danna ƙasa", tsayuwar soja kenan. Idan ka ja kafaɗa baya da ƙasa da ƙarfi, ƙashin saman ƙirji yana sauka ne kan haƙarƙari na farko, ramin na biyu da muka ambata ya ƙara tsukewa, har likitoci ma da irin wannan tsayuwar suke gwada mutum su ga ko ciwon zai taso. Da yawan masu TOS, musamman mata masu dogon wuya da waɗanda suka shekara suna rataya jaka mai nauyi, kafaɗarsu dama a zube take ƙasa, ita ɗagowa kaɗan take buƙata. Don haka bel ɗin nan na gyaran tsayuwa da ake tallatawa a Facebook da TikTok, mai jan kafaɗa baya, idan ka ɗaura ka ji yatsu sun ƙara sagewa cire shi ka ajiye.

Abin da zaka yi a madadinsa: ka tsaya fuska ga bango, ka jingina gefen hannu daga gwiwar hannu zuwa ƙaramin yatsa a bango, ka fitar da iska haƙarƙari su sauko, sai ka zame hannayen sama a hankali kana ɗan tura bangon, ka bar allon kafaɗa ya zagayo gaba ya hau. Ka tsaya daidai inda sagewa zata fara, ko da daidai goshi ne, ka dawo. Takwas, sau biyu.

Na wuya, a kwance rigingine, ka yi ɗan gyaɗa kai ƙanƙani na cewa eh, haɓa ta matso maƙogwaro kaɗan ba tare da kai ya bar filo ba, ƙeya ta yi tsawo. Riƙe ƙirga biyar kana numfashi. Sa yatsa a gefen wuya, idan igiyar gaba ta fito ka yi da ƙarfi da yawa. Ƙaramar tsokar ƙirji kuma, kwanciya kan tawul da aka naɗe a tsawon ƙashin baya, hannaye a buɗe ƙasa-ƙasa tafi na kallon sama, minti biyu kana wancan numfashin, ya fi miƙewa a bakin ƙofa sauƙi ga mai sagewa.

Doka ɗaya ta rufe duk waɗannan: jan tsoka da ɗan gajiya babu laifi, amma sagewa, tsirar allura, ko zafi mai gudu zuwa yatsa, alama ce ka wuce gona da iri. Jijiyar saƙo ba a miƙe ta da ƙarfi, fushi take yi, kuma fushin nata sai cikin dare zaka gani. Ka manta da zancen sai an sha wuya a nan. Kuma don girman Allah kar ka bari wani ya kama kanka ya murɗe wuya ya yi ƙara, ko a shagon aski ko a wajen mai ɗori.

Wajen aiki da wajen kwana

Minti goma na motsa jiki ba zai goge awa goma na mugun zama ba. Tela ya duba tsayin benci, idan gwiwar hannu na rataye a iska kafaɗa ce ke ɗauke da ita, a ƙara haske kan allura don kai ya daina miƙawa gaba, duk rabin awa a miƙe ko da minti ɗaya ne. Mai kitso ta zaunar da kwastoma ƙasa-ƙasa yadda hannunta ba zai wuce ƙirji ba. Fita da mai fenti da mai waya su taka wani abu su matso kusa da aikin maimakon miƙa hannu can sama, idan ba yadda za a yi to a dinga sauke hannu akai-akai. Masta, idan yaronka ya ce hannunsa ya mutu ba lalaci ba ne kullum, bar shi ya sauke minti biyu.

'Yan kayayo su ne abin ya fi min ciwo, don kaya na danna wuya daga sama, hannu kuma a ɗage yana riƙe kwano, abu biyu a lokaci ɗaya, kuma ba zaka ce wa yarinya ta bar aikin da take ci da shi ba. Abin da zai yiwu shi ne gammo mai kauri, a dinga canza hannun da ke riƙewa, idan kaya sun zauna daidai a sauke hannun, a raba kaya biyu idan mai kayan ya yarda, kuma wajen ɗorawa da saukewa a nemi wani ya kama. Masu ba su kaya ku ji tsoron Allah wajen lodi.

Jakar rataye mai igiya ɗaya tana zama daidai kan wurin da ke matsewa, a rage mata kaya ko a koma mai igiya biyu masu faɗi. Mata masu cikar ƙirji, siririyar igiyar rigar mama da ke nutsewa a kafaɗa ita ma tana taimaka wa ciwon, a nemi mai faɗi.

Kwanciya kuwa, kar ka kwana hannu a saman kai ko ƙarƙashin filo, kar ka yi rub da ciki wuya a murɗe. Idan ta gefe ne ka kwanta kan lafiyayyen gefen, filon kai ya cike tsakanin kunne da kafaɗa, ka rungumi wani filon da hannun mai ciwo don kar kafaɗa ta rufto gaba. Idan rigingine ne ka ɗora hannun kan ƙaramin filo a gefenka.

Yaushe za a ga canji

Ba abin kwana uku ba ne. Abin da ke fara gyaruwa yawanci shi ne ɗaurewar wuya da tashin dare, sagewar yatsa ita ke zuwa ƙarshe. Ka ba shi mako shida kana yi kullum, ka dinga rubuta a waya sau nawa hannu ya tashe ka a mako da kuma minti nawa kake iya aiki hannu a sama kafin ya fara, da wannan zaka gane ko ana gaba. Idan babu wani canji, ko yana ƙaruwa, ka ɗauki katin NHIS ka je asibiti ka nemi a tura ka sashen fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki, Komfo Anokye na da shi. Idan ka je kar ka ce kawai "hannuna ke ciwo", faɗi yatsun da ke sagewa, irin aikinka, yanayin da ke tayar da shi, ko ka taɓa haɗari ko karaya, ko hannun ya taɓa kumbura ko canza launi. Za su iya yin hoton wuya da ƙirji don neman ƙarin haƙarƙari, sikanin na jijiyoyin jini, ko gwajin gudun saƙo a jijiya, wanda sau da yawa yakan fito lafiya lau ko da TOS ɗin na nan, don haka kar hakan ya sa ka ɗauka ƙarya jikinka ke yi. Irin na jijiyar saƙo, ana fara wa ne da fisiyo na wata uku zuwa shida. Tiyata, inda ake cire haƙarƙari na farko ko a yanke tsokar sikalin, ana ajiye ta ne ga wanda wannan bai yi wa ba, ko wanda naman hannunsa ke ramewa, ko mai matsalar jijiyar jini.